Ko Ka Sani? Dodon Koɗin da Ke Ci da Hasken Rana

A gaɓar tekun Atilantika ta gabashin Amurka ta Arewa, tun daga yankin Nova Scotia na ƙasar Kanada har gangarowa Florida, akwai fadamun ruwan gishiri da 'yan kududdufan da teku kan bari idan ya janye. A cikinsu wata 'yar halitta take zaune, wadda in ka gan ta kwance a ƙasan ruwa za ka rantse ganye ne iska ta kaɗo. Koriya ce shar, a shimfiɗe, har da jijiyoyi da suka yi rassa kamar na ganyen alayyafo. Kana cikin kallo sai ganyen ya miƙe 'yan ƙahoni biyu, ya soma jan ciki. Dangin dodon koɗi ce, sai dai ba ta da ƙoƙo a baya. Masana suna kiranta Elysia chlorotica, sunan da Augustus Gould ya raɗa mata, aka buga shi a 1870. Tsawonta yawanci santimita 2 zuwa 3 ne, kamar gaɓar ɗan yatsa, mai girma a cikinsu ta kai 6.

Ba da wannan koren take ƙyanƙyashewa ba. Tana ƙarama launinta ruwan ƙasa ne da ɗigo-ɗigon ja. Sai ta nemi wata irin gansakuka mai kama da zare, wadda ake kira Vaucheria litorea, ta huda zaren da 'yan haƙoranta, ta tsotse abin da ke ciki kamar yadda yaro ke tsotse ɓargo daga ƙashi. Cikinta yana narkar da komai, ban da wasu 'yan ƙwayoyi kore da ido ba ya gani. Waɗannan sai ta adana su da ransu a bangon hanjinta, hanjin da ya bazu ko'ina a jikinta. Jijiyoyin nan da ka ɗauka na ganye ne, hanjin ne cike da abin da ta tsotso.

'Yan ƙwayoyin nan su ne madafin kowane tsiro, kuma a nan labarin ya fi daɗi. Yawancinmu mun tashi da tunanin cewa gero da dawa ƙasa suke ci. Wani likita a ƙasar da yanzu ake kira Beljiyam, Jan Baptista van Helmont, ya gwada wannan magana. Ya auna busasshiyar ƙasa ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan itace, ya yi shekara biyar ruwa kaɗai yake ba shi. Da ya sake aunawa, itacen ya ƙaru da kusan kilo 74, ƙasar kuwa abin da ta rage bai kai giram 60 ba. An buga sakamakon a 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya ɗauka ruwa ne ya zama itace, kuma ya yi rabin gaskiya. Sauran rabin a iska yake.

A jikin ganye akwai 'yan ƙofofi dubbai da iskar kabon ke shiga ta cikinsu, irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Saiwa tana aiko ruwa. A cikin koren ƙwayoyin akwai sinadarin kulorofil, shi ke cafke hasken rana, da ƙarfin hasken a farfasa ruwan. Wani sashe na ruwan a haɗa shi da kabon a ƙera sukari, ɗayan sashen kuma, wato oksijin, a sake shi ya fita. Wannan aiki shi ake kira fotosintesis. Tun 1779 Jan Ingenhousz ya nuna cewa in babu haske, ganye ba ya fitar da wannan iska mai raya numfashi. Tuwon da ka ci daren jiya, da itacen da aka dafa shi da shi, da naman da ke cikin miyar, in ka bi salsala duk a wannan madafi suka faro. Kuma ba dazuzzuka kaɗai ke aikin ba: wajen rabin oksijin da ake samarwa a duniya daga 'yan tsirran teku yake fitowa, waɗanda yawancinsu sai da madubin likita ake ganinsu.

To, wannan madafi sukutum 'yar dabbar nan take ɗaukewa ta kai gidanta, ta buɗe jikinta a rana, ƙwayoyin su ci gaba da dafa sukari a cikinta. A ɗakin bincike an ajiye ta wata tara zuwa goma ba ta sa komai a baki ba, ruwa da haske kawai, kuma ta rayu. Dabbar da duk kwanakinta a duniya ba su wuce shekara guda ba!

Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne gyara. Madafin ganye kullum cikin lalacewa yake, domin hasken da yake aiki da shi yana ƙona kayan aikin, kuma umarnin ƙera yawancin kayan gyaran yana can cikin ƙwayoyin gadon gansakukar, waɗanda dabbar ta riga ta narkar. Ta yaya injin zai yi wata da watanni yana aiki ba makaniki? A 2008 Mary Rumpho ta Jami'ar Maine da abokan aikinta suka ce sun ga alamar ƙwayar gadon gansakuka a jikin dabbar. Amma da aka binciki ƙwanta a 2013, ba a ga ko ɗaya ba. Wasu masu bincike a kan danginta kuma sun ce ƙwayoyin sun fi kama da rumbu fiye da madafi: dabbar tana ajiye su ne, tana ci a hankali in yunwa ta matsa. A ganina maganganun biyu ba sa karo da juna, don gidan da ke da madafi ai ba ya rasa rumbu.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Shi kansa tsiro aro ya yi. Koren ƙwayoyin nan asalinsu wasu 'yan halittu ne masu zaman kansu a ruwa, waɗanda wata ƙwayar halitta ta haɗiye fiye da shekara biliyan guda da ta wuce, ba ta narkar da su ba, suka zauna tare. Har yau suna ɗauke da ragowar ƙwayoyin gadonsu na kansu. 'Yan'uwansu da ba a haɗiye ba suna nan kusa da mu: a tafkunan kanwa na yankin Kanem, kusa da Tafkin Chadi, matan Kanembu suna kwasar wani kore-kore daga saman ruwa, su zuba a kan yashi ya bushe, su yanka shi gunduwa-gunduwa su sa a miya. Suna kiransa dihe.

Wani zai ce, me zai hana saniya ta yi haka a huta da neman ciyawa da rani? Fatarta ba ta da faɗin da zai tara hasken da zai ciyar da jiki mai nauyi, mai ɗumi, mai yawo. Ita kuwa 'yar dabbar nan siririya ce kamar takarda, kuma motsinta kaɗan ne.

Idan sanyi ya wuce a gaɓar tekun Amurka, manyan cikinsu sukan saka ƙwai a jere kamar zare, ba da daɗewa ba su mutu kusan lokaci guda. Ƙwan ba ya ɗauke da koren ƙwaya ko ɗaya. Kowace jaririya sai ta yi yawo a ruwa har ta dace da nata zaren gansakukar, ta huda, ta tsotsa, sannan jikinta ya fara sauya launi.