AC Na Aiki Amma Babu Sanyi: Abubuwan Dubawa Kafin A Ce Gas Ne Ya Ƙare

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, wayar masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Koken kusan iri ɗaya ne: AC na kunne, fitilarsa na ci, iska na fitowa, amma ɗaki kamar gidan burodi. Amsar da aka fi ba mai gida ita ce gas ya ƙare, a kawo kuɗi a ƙara. Wani lokaci gaskiya ne. Sau da yawa kuwa matsalar ƙura ce, ko wuta marar ƙarfi, ko ma wani maɓalli da yaro ya danna a rimot, sai a biya kuɗin gas a banza, bayan sati biyu zafi ya dawo.

Na'urar ba ƙera sanyi take yi ba, zafin ɗaki take kwashewa ta zubar a waje. A irin wadda ta fi yawa a gidaje yanzu, mai kashi biyu, akwai kan da ke maƙale a bangon ɗaki da akwatin da ke waje, sai bututun jan ƙarfe biyu da suka haɗa su, ɗaya siriri ɗaya mai kauri. Gas na zagayawa a cikinsu. Ya ɗauki zafi a ciki, kwamfureso ya matsa shi, fankar waje ta fifita shi har zafin ya fita, sannan ya koma ciki. Idan iska ta kasa wucewa a ciki, ko ta kasa wucewa a waje, ko kwamfureso bai tashi ba, ko gas ya zurare, sanyi zai tsaya. Biyun farko mai gida na iya magance su da hannunsa.

Rimot tukuna

A fuskar rimot akwai alamomi. Mai kama da tauraron ƙanƙara, ko rubutun COOL, ita ce ta sanyi. Ɗigon ruwa, wato DRY, na rage laimar iska ne, ya fi amfani da damina. FAN kuwa fanka ce zalla, kwamfureso ba zai motsa ba ko a kwana ana jira. Haka nan idan lambar da aka saita ta kai ko ta wuce zafin ɗakin, na'urar za ta ɗauka aikinta ya ƙare.

Ba laifi ba ne idan aka kunna AC, ko aka maido da wuta, akwatin waje ya yi shiru na kimanin minti uku. Da gangan aka yi shi haka don ƙarfin gas ya daidaita kafin kwamfureso ya sake tashi. Masu kashewa su kunna, su sake kashewa don "ta farka", maimaita jiran kawai suke yi. Sannan saita rimot a 16 ba ya sa iska ta fi sanyi a na'urar da ba inbata ba. Yana hana kwamfureso hutawa ne kawai, mita kuma na ta ci. A 24 ko 25 ɗaki na yin daɗi.

Ƙurar hunturu

Idan aka ɗaga murfin kan da ke ɗaki za a ga raga biyu na roba, su ne filta. Duk ƙurar da hunturu ya shigo da ita a nan take taruwa, kuma yawancin gidaje ba a taɓa na'urar daga Nuwamba har zafi ya kankama. Ragar da ta toshe na hana iska isa ga ƙarafan da ke ɗaukar zafi, sai su yi sanyi fiye da kima har ƙanƙara ta kama su. Ƙanƙarar ta ƙara toshe hanya, iskar da ke fitowa ta raunana, daga baya ruwa ya riƙa zuba a bango. A kashe na'urar, a zare ragar a wanke da ruwa, ta bushe a inuwa, a bari ƙanƙarar ta narke da kanta ba tare da an ƙwaƙule ta da wuƙa ba. Masu ƙera na'urorin sun fi ba da shawarar wanke raga duk bayan mako biyu, kuma gidan da ke bakin titi marar kwalta ya fi kowa buƙatar hakan.

Akwatin da aka manta da shi a waje

A nan ne aka fi yin sakaci. Bayan akwatin akwai siraran ƙarafa jere kamar haƙoran mataji, ta cikinsu fanka ke jawo iska. Ƙura da yanar gizo da gashin kaji da leda kan like su. Saboda tsoron ɓarayi, wasu gidajen kan sa mai walda ya kewaye akwatin da keji mai ƙananan ramuka, ko a cusa shi a lungu tsakanin katanga biyu, sai ya riƙa shaƙar zafin da ya fitar. Idan zafi ya yi wa kwamfureso yawa, wani ɗan makari da ke jikinsa zai yanke masa wuta har ya huce. Shi ya sa ake samun na'urar da ke sanyi sosai da daddare da safe, amma daga azahar zuwa la'asar sai iska kawai. Wannan ba alamar ƙarewar gas ba ce.

Maganin shi ne a kashe wuta daga makunninta na bango, a wanke ƙarafan da ruwa marar ƙarfin feshi don kada su lanƙwashe, ana kauce wa ɓangaren wayoyi. A yi wa akwatin rumfa daga sama, a bar gaba da baya a buɗe. Keji kuma ya zama na sanduna masu tazara.

Akwai kuma abin da 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba. Ana ƙera na'urorin ne bisa ajin yanayi. Ajin T1 an gwada shi ya jure zafin waje har digiri 43, ajin T3 kuma har digiri 52, irin wanda ake sayarwa a ƙasashen Larabawa. Akan rubuta ajin a takardar da ke like a gefen akwatin. Mai T1 a ranar da Maiduguri ta kai 44 na iya gazawa alhali babu abin da ya lalace a jikinsa.

Wuta da kafasito

An yi na'urorin ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. A unguwar da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje fiye da ƙarfinsa, wutar kan faɗi ƙasa da haka nesa, musamman da yamma. Fankar ciki ba ta cin wuta sosai, don haka za ta ci gaba da juyawa, amma kwamfureso na buƙatar ninkin wutar da yake ci sau da dama a lokacin tashi. Sai a ji ya yi gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, ya yi "ƙas", ya yi shiru. Barin sa yana wannan yunƙuri shi ke ƙona shi. Gara a kashe har wuta ta gyaru, ko a sa masa sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace. Haka abin yake ga janaretan da ya yi masa kaɗan.

Idan wuta na da ƙarfi amma gurnanin bai daina ba, zargi ya koma kan kafasito, wani ɗan gwangwani da ke taimaka wa kwamfureso ya tashi. Zafi na kashe shi, kuma sau da yawa za a ga kansa ya kumbura. Yana cikin kayan gyara mafi araha, amma aikin mai gyara ne, domin yana riƙe wuta a cikinsa ko bayan an cire soket. Kafin a yarda da hukuncin "kwamfureso ya mutu", ya kamata a ga an gwada sabon kafasito.

To, idan gas ɗin ne fa?

Gas ɗin AC ba kamar na girki ba ne. Ba ƙona shi ake yi ba, zagaye yake a rufaffen bututu, kuma na'ura mai lafiya na iya shekaru ba a ƙara mata ko kaɗan ba. Idan ya ragu, to akwai inda yake zurara. An fi samun hakan a wurin notin da ke haɗa bututu da akwatin waje ko da kan ciki, musamman idan an taɓa cire na'urar an sauya mata gida.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar kayan aiki. Bayan na'urar ta yi kamar minti goma sha biyar tana aiki, a taɓa bututu mai kauri a jikin akwatin waje. Ya kamata ya yi sanyi yana gumi kamar kwalbar da aka ciro daga firji. Idan bai yi ba, siririn kuma ya yi farin ƙanƙara, alamar ƙarancin gas ce. Maiƙo a kusa da noti ma shaida ne, domin man kwamfureso na biyo gas ya fito. Ana iya sa ma'aunin zafi a bakin iskar da ke fitowa: ta fi ta ɗakin sanyi da digiri 8 zuwa 12 idan komai lafiya.

Mai gyaran da ya ɗura gas bai nemi ɓular ba ya sayar wa mai gida sanyin 'yan makonni ne kawai. Aikin da ya dace shi ne a gano wurin, ko da kumfar sabulu ce, a gyara, a zuƙe iska da laimar da suka shiga bututun da famfon zuƙa, sannan a ɗura adadin giram ɗin da aka rubuta a jikin akwatin. Nau'in gas ɗin ma a rubuce yake: R22 a tsofaffi, R410A ko R32 a sababbi. Ba a gauraya su, ƙarfinsu da mansu sun bambanta. R22 na kan hanyar ɓacewa daga kasuwa, domin yarjejeniyar Montreal ta 1987 da gyare-gyaren da suka biyo bayanta sun tsara daina amfani da irinsa saboda illarsa ga sararin samaniya. Wannan abin lura ne ga mai shirin sayen na hannu. R32 kuma na iya kamawa da wuta, don haka ba a yi wa bututu walda sai an fitar da shi.

Wani lokaci na'urar lafiyarta ƙalau, ɗakin ne ya fi ƙarfinta. Mai HP 1 na ɗakin kwana ne madaidaici. Idan aka sa shi a babban falo mai rufin kwano ba silin kirki, tagoginsa na kallon yamma, ƙofa kuma ba ta rufuwa saboda shige da ficen yara, zai yi ta aiki ba hutu ba tare da ya cimma lambar da aka saita ba. Labule mai kauri da toshe ƙasan ƙofa na taimakawa, amma falo irin wannan na HP 2 ne.

Na'urori masu inbata sun ɗan sauƙaƙa bincike, domin idan suka samu matsala sukan nuna wasu haruffa da lambobi a fuskarsu, kamar E1 ko F3. Ma'anarsu ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, E1 a Hisense ba lallai ya zama E1 a Panasonic ba, sai an duba littafin da ya zo a kwali. A ɗauki hoton lambar da waya kafin a kashe na'urar, domin wasu na gogewa da zarar wuta ta yanke, a tura wa mai gyara tare da hoton takardar da ke gefen akwatin waje don ya zo da kayan da suka dace.