Karatun doka bayan lisans: me yaranmu ke nema a mastar da doktora?

Jama'a masu saurarenmu a Yekuwa da kewaye, da ƴan uwa mazauna Kano, Legas, Libiya da sauran wurare, akwai tambayar da muke yawan ji daga iyaye: "Yaron nan an ce ya gama jami'a, to me ya hana shi kama aiki? Wai kuma wani karatun ya koma?" Masu tambayar suna da hujja, tunda su ke sayar da buhun gero ko rago su aika Yamai. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware zancen.

Jami'o'in Nijar suna bin tsari mai hawa uku. Bayan bak, ɗalibi ya yi shekara 3 ya samu lisans, ya ƙara 2 ya samu mastar, sannan aƙalla wasu 3 kafin doktora. A lissafi shekara 8 ke nan, amma a fannin doka sau da yawa doktora kan zarce haka. Ana karatun doka a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da jami'ar Tawa, sai Jami'ar Musulunci ta Sayi inda ake haɗa shari'ar Musulunci da doka.

A lisans malami ne ke bayarwa, ɗalibi na karɓa. Daga ƙarshen mastar kuwa sai a ce masa: zaɓi matsala guda, ka bincika, ka rubuta kundi. Za a haɗa shi da malami mai duba aikin, ya shiga karanta dokoki da hukunce-hukuncen kotuna da abin da magabata suka rubuta. In ya gama, sai ya tsaya gaban kwamitin malamai ya kare abin da ya rubuta, suna tambaya yana amsawa, ƴan uwa na zaune suna kallo. Kundin doktora ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Yakan kai shafi ɗaruruwa, kuma dole a samu wani sabon abu a ciki wanda ba a taɓa fitarwa ba. Saboda haka in kun ji ya ce ba ya shiga aji kullum, ba zaman banza yake ba.

To ina ruwan manomin Yekuwa da wannan? Ruwansa babba ne. Mu ɗauki maganar gona. Tun ranar 2 ga Maris 1993 ƙasarmu ke da dokar tsarin karkara, wadda ta ce haƙƙin gona da mutum ya samu ta hanyar al'ada yana da kariya daidai da wanda ke rubuce. Daga ita aka samu kwamitocin Kofo a matakin gari da komin da gunduma. A 2010 kuma aka yi dokar kiwo mai kare burtali da makiyaya. Ga shi kotunanmu, in maganar aure ce ko saki ko gado ko gonar da ba ta da takarda, da al'adar masu ƙara suke aiki, tare da masana al'ada da ke zama kusa da alƙali. Kafin a kai can ma, mai gari da sarki ke fara sasantawa.

Nan fa gizo ke saƙar. Wace al'ada? A yankinmu na Magarya da Dungas, inda mutane suka yi yawa gonaki suka tsuke, kowa ya san rigimar jingina: kaka ya jinginar da gona, shaidu sun mutu, jikoki na cewa aro ne, waɗancan na cewa saye ne. Ga rabon mata a gado, wanda addini ya ba su amma sau tari a ce su jira. Alƙalin da aka turo daga nesa bai taso da waɗannan ba. Abin da zai karanta ya fahimta, sai wani ya zauna ya bi ƙararraki ɗaya bayan ɗaya ya rubuta. Aikin mai bincike ke nan, kuma a ganinmu ɗan ƙasar da ya san yadda ake auna gona da yadda dattawa ke magana ya fi kowa dacewa da shi. Tunda kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, alhali dokokin da Faransanci suke, ana buƙatar masanan da za su iya juya su ba tare da ma'ana ta karkace ba.

Sai dai kada a ruɗe: doktora ba ita ke mai da mutum alƙali ko lauya ba. Mai son alƙalanci gasa yake shiga ya wuce makarantar horar da ma'aikatan shari'a, lauya ma yana da tasa jarrabawar da zaman koyon aiki. Doktora hanyar koyarwa ce a jami'a da bincike. Ko bayan an same ta, ƙarin girma yana bi ta hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, wadda aka kafa a Yamai a 1968.

Ga masu tunanin tura yaro ƙetaren iyaka, Bayero a Kano ko Ahmadu Bello a Zariya, ku sani dokar Nijeriya tushenta na Ingila ne, tamu kuwa na Faransa. Can digirin farko shekara 5 ne, da ƙarin shekara a makarantar lauyoyi. Wanda ya yi lisans a nan yana iya zuwa bincike can, musamman kan shari'ar Musulunci ko cinikin kan iyaka, amma sai ya iya Ingilishi, kuma ya tabbatar za a amince da takardarsa in ya dawo.

Maganar kuɗi kuwa, hukumar ANAB ce ke kula da tallafin ɗalibai, amma ba kowa ke samu ba, kuma bincike na cin kuɗin mota da buga takardu da intanet. Kafin ku ɗauki nauyi, ku tambayi yaron: an yi maka rajista bana? Wane malami ke duba aikinka? Mene ne batun, ka faɗa mana da Hausa? In ya amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, sai ku zauna da ƴan uwa a raba nauyin, a san wa zai riƙa aika na wata, wa zai ɗauki na buga kundi ranar da za a kare shi.