Wasan yaƙin Waterloo a kan tebur

Wasan yaƙin Waterloo a kan tebur wasa ne da ake maimaita yaƙin da aka gwabza ranar 18 ga Yuni, 1815 a ƙasar Beljiyam ta yanzu, ta hanyar jera ƙananan mutum-mutumin sojoji na ƙarfe ko roba a kan tebur da aka tsara kamar filin daga. Yana cikin rukunin wasannin da ake kira na zamanin doki da bindigar toka, wato daga wajen shekarar 1700 zuwa tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da rundunonin Turai suka dogara da dakaru masu bindigar ɗuri, da mahaya dawakai, da igwa.

Asali

Sojojin Prussia ne suka fara ɗaukar irin wannan wasa da muhimmanci, bayan da wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar da Kriegsspiel a 1824 domin horar da hafsoshi a kan taswira. Marubucin Ingila H. G. Wells ya kai shi ga farar hula da littafinsa Little Wars a 1913, sannan littafin Donald Featherstone mai suna War Games na 1962 ya yaɗa shi a Birtaniya.

Yaƙin da ake kwaikwaya

Napoleon ya zo da sojoji kusan 72,000, Wellington kuma yana da kimanin 68,000 daga Birtaniya da Holan da wasu ƙasashen Jamusawa. Ruwan da aka kwana ana yi ya mayar da filin taɓo, ba a fara faɗa ba sai da hantsi ya dubi ludayi. An sha gumurzu a gidajen gona na Hougoumont da La Haye Sainte, kafin rundunar Prussia ƙarƙashin Blücher ta iso da yamma ta afka wa ɓangaren dama na Faransawa.

Matsalar awo

Babban ciwon kan mai shirya wasan shi ne awo. Faɗin fagen dagar ya kai kimanin kilomita 4. Mutum-mutumi mai tsawon milimita 28 kashi ɗaya ne cikin 56 na mutum, don haka da za a bi wannan awon sak, da sai an sami tebur mai tsawon fiye da mita 70. Shi ya sa ake raba awon ƙasa da na mutane. Mutum-mutumi ɗaya kan tsaya a madadin soja 20, bataliya mai mutum 600 ta koma guda 30. Wannan dabarar ma tana da nata lahani: gidan gonar da aka gina daidai da tsayin mutum-mutumin yakan cinye filin da a taswira ya kai girman ƙauye. Masu son ganin yaƙin gaba ɗaya sukan koma ga ƙananan sojoji na milimita 15 ko 6.

Yadda ake bugawa

'Yan wasa kan motsa rundunoninsu bi da bi, suna auna tafiya da tef, suna jefa ɗan lido don sanin sakamakon harbi. Dokoki masu kyau suna tilasta wa ɗan wasa irin zaɓin da ya fuskanci hafsan wancan zamani. Bindigar tana tashi sau biyu ko uku a minti, kuma da wuya ta sami abin bara idan ya wuce mita 100. Dakarun da suka yi sahu sun fi ruwan wuta, amma idan dawakai suka zagayo ta gefensu sun halaka. Idan suka dunƙule suka yi murabba'i da banati a waje, doki ba ya kutsawa, kamar yadda mahayan Marshal Ney suka gani da la'asar ɗin ranar, sai dai igwa takan yi musu ɓarna. Akwai kuma gwajin ƙarfin zuciya, domin yawancin bataliyoyi watsewa suke yi tun kafin a kashe rabinsu.

Abin da tebur ya kasa nunawa

Ɗan wasa yana kallon filin duka daga sama, alhali Wellington ya ɓoye yawancin sojojinsa a bayan tudu, hayaƙin albarushi kuma ya turnuƙe ko'ina. Ga shi duk wanda ya ɗauki ɓangaren Faransa ya san Blücher na tafe, sai ya yi gaggawar da Napoleon bai yi ba. Don rage wannan, wasu kan naɗa alƙalin wasa mai riƙe sirri, ko a bar ɗan lido ya yanke lokacin isowar Prussia, ko ma a buɗe ƙofar dawowar Marshal Grouchy, wanda ya tafi da sojoji kusan 33,000 ya gwabza faɗa a Wavre a ranar. Masu wasan ba su daina jayayya ba kan ko irin wannan canji yana ɓata tarihi.

A watan Yuni 2019 an buga yaƙin a Jami'ar Glasgow da mutum-mutumi fiye da 20,000 masu tsawon milimita 28, domin tara kuɗi ga Waterloo Uncovered, ƙungiyar da a lokacin take kai tsofaffin sojoji tonon kayan tarihi a ainihin filin dagar.