Kada A Hana Mai Juna Biyu Cin Gyaɗa

Wata magana tana yawo tsakanin matanmu a Birnin Kebbi da Argungu, wai mai juna biyu ta guji gyaɗa, in ba haka ba jikin ɗan da za ta haifa zai ƙi gyaɗa, ya riƙa borin jini. 'Yan'uwa cikin Kristi, ya kamata mu san inda maganar nan ta fito da inda ta kwana.

A shekarar 1998 gwamnatin Birtaniya ta shawarci mata masu ciki da masu shayarwa, waɗanda ake da irin wannan cuta a danginsu, su bar cin gyaɗa. A 2000 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta bi sahu. Amma da aka duba aka ga babu hujjar cewa hanin yana kāre yaro, sai Amurka ta janye shawarar a 2008, Birtaniya kuma a 2009. Wato masu maganar sun daɗe da barinta.

A 2008 ɗin ne wani likita a Landan, Farfesa Gideon Lack, da abokan aikinsa suka gano cewa cutar ta fi yawa wajen sau 10 ga yaran Yahudawa na Birtaniya a kan na Isra'ila, inda ake ba jarirai abincin gyaɗa da wuri. A 2015 suka fitar da sakamakon gwaji kan jarirai 640: waɗanda aka fara ba su gyaɗa kafin shekara ɗaya, cutar ta ragu musu da wajen kashi 80 cikin 100.

A ƙasarmu ta fadamar Rima, ba kullum talaka ke samun nama ba, kifin Argungu ma ya yi tsada. Kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli da miyar gyaɗa su ne abinci mai gina jiki da ke kusa da hannu. Hana mai ciki su, tauye rai biyu ne.

Abin gudu shi ne gyaɗar da ta yi funfuna don ba ta bushe da kyau ba, gama tana ɗauke da dafin aflatoksin mai lalata hanta, wanda suya ba ta kawar da shi. A tsince ta a zubar. Kada kuma a ba ƙaramin yaro ƙwayar gyaɗa, tana iya shaƙe shi. Bayan wata 6 na nono zalla, a dama masa a kunu. Macen da gyaɗa ke kumbura mata leɓe ko ta toshe mata numfashi, ita kam ta bari, ta gaya wa ma'aikatan asibiti ranar awon ciki. Yaron da ya nuna alamun nan, a gaggauta kai shi asibiti.

Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata su kai wannan bayani cikin tarurrukansu. Ku magidanta, ciyar da matanku sashe ne na hidimarku ga Ubangiji. Allah ya sauke su lafiya. Amin.