Madubai 382, Hoto Ɗaya

Duk yaron da ya tashi a cikin birnin Kano ya san wasan nan na tare hasken rana da ɗan madubi a cilla shi bangon maƙwabta. To, a ce an sayo ƙananan madubai ɗari uku a Kasuwar Kurmi, aka raba wa yara, aka ce kowa ya kai haskensa kan tabo ɗaya a jikin ganuwa. Na wani zai yi sama, na wani ƙasa, wani kuwa madubinsa ne ma a karkace. Irin wannan matsala ce masana taurari suka yi fama da ita a ƙasar Namibiya.

Akwai wani haske mai tsananin ƙarfi da ake kira gama, wanda ke fitowa daga wurare kamar ragowar taurarin da suka fashe. Ido ba ya ganinsa, kuma iskar da Ubangiji ya lulluɓe duniya da ita ba ta barinsa ya iso ƙasa. Idan ya bugi iska can sama, wajen kilomita 10, sai ya haifar da wata 'yar walƙiya shuɗiya wadda ba ta wuce 'yan kaso cikin biliyan na daƙiƙa ɗaya ba. Ana kiran wannan haske da sunan Pavel Cherenkov, mutumin Rasha da ya gano shi a 1934. Shi ake tarewa da madubi, daga nan a san inda gaman ya fito.

Hasken kaɗan ne ƙwarai, don haka dole madubin ya yi faɗi. Gilashi guda mai faɗin mita 12 kuwa, tsadarsa da nauyinsa sun fi ƙarfin aikin. Shi ya sa na'urorin H.E.S.S., waɗanda ta farkonsu ta fara aiki kusa da dutsen Gamsberg a 2002, aka tsara kowace da ƙananan madubai 382, masu faɗin santimita 60. Ta biyar, wadda aka ƙara a 2012, tana da 875.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Tun kimanin shekara dubu da suka wuce Ibn al-Haitham ya nuna cewa madubi mai lanƙwasa irin ta ƙwallo ba ya tara haske a ɗigo ɗaya. Abin da ya faɗo a gefe da abin da ya faɗo a tsakiya ba su haɗuwa. In aka jera madubai a siffar faifan kama tashoshin talabijin da muke gani a kan rufin gidaje, hasken zai iso kyamara lokaci ɗaya, amma abin da ke gefen hoto zai fito da jela. In kuma aka bi tsarin da Davies da Cotton suka fitar a 1957 (su don tara zafin rana suka yi shi, ba don taurari ba), gefen hoto zai gyaru, amma wani hasken zai riga wani isowa. Ƙananan na'urori huɗu sun bi tsarin Davies da Cotton, babbar ta bi na faifan.

Ta yaya aka zaɓa? Ba a gina a rushe ba. An sa wa kwamfuta siffar kowane madubi da mazauninsa, sa'an nan ta riƙa sakin zaren haske na lissafi, dubu bisa dubu, tana bin kowane da dokar nan da muka koya a aji: da kusurwar da haske ya faɗa wa madubi, da ita yake tashi. Har da gangan ake karkata madubai kaɗan a cikin lissafin, a ga yadda ɗigon zai baje.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a neman kawar da kuskuren gaba ɗaya. Kyamarar farko ta kowace ƙaramar na'ura tana da idanu 960, kowane yana kallon digiri 0.16 na sama, wato kusan sulusin faɗin wata. Muddin ɗigon bai fi ido ɗaya girma ba, ya wadatar. In ya wuce haka, hoton gama zai yi kama da na sauran ƙwayoyin da ke bugun iska dare da rana, waɗanda suka fi shi yawa nesa ba kusa ba, aiki ya ɓaci.

Kowane madubi yana da 'yan injuna biyu a bayansa. Da dare sai a auna tauraro guda, a riƙa motsa madubin da su har haskensa ya faɗa kan na sauran.