Daga Dutsen Kigali zuwa Sheme: Ƙafa tana nan, hanya ce babu

Ranar Lahadi 28 ga Satumban 2025, masu tseren keke mafi gwaninta a duniya suka taru a Kigali, babban birnin Ruwanda. Shi ne karo na farko da aka kawo gasar cin kofin duniya ta keken titi nahiyar Afirka. Tseren maza ya ɗan haura kilomita 267, kuma idan aka tattara duk hawan da ke cikinsa ya zarce mita 5,000.

Wurin da aka fara raba aya da tsakuwa shi ne Dutsen Kigali, wanda ke gefen birnin. Hawa ne na kusan kilomita 6 ba sassauci. Bayan an gangaro kaɗan sai a ci karo da wani gajeren titi mai daɓen duwatsu da mutanen garin ke kira Kwa Mutwe, baƙi kuma ke kira Katangar Kigali. Tsawonsa bai kai rabin kilomita ba, amma ya miƙe tsaye kamar tsani.

A kan wannan dutse ne Tadej Pogacar na ƙasar Sulobeniya ya ɓalle, alhali da sauran fiye da kilomita 100 a gaba. Shi ya lashe, bayan sama da awa 6 a kan sirdi. Cikin mutum sama da 160 da suka tashi, 30 kacal suka kai ƙarshe.

Wanda ya kalli hotunan a wayarsa yana zaune a bakin titin Sheme, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari, zai iya yin murmushi. Ai a gabansa ake irin wannan wahala kullum, ba kyamara, ba tafi.

Keken da ba ya canza giya

Sheme mararraba ce. Titin Funtuwa zuwa Gusau ya ratsa ta, ya wuce ’Yankara da Tsafe, ya bi ta gindin Dutsen Kwatarkwashi. Daga nan ne kuma hanya ta ɓalle zuwa Ƙanƙara. Ƙasa ce ta masara da dawa da auduga, mai tudu da kwari, duwatsu a warwatse.

A nan keke ba na motsa jiki ba ne. Shi ne jakin talaka. Irin baƙin keken nan ne na ƙarfe, samfurin Raleigh ko Phoenix ko Hero, wanda mai walda ya ƙara wa kariya ƙarfi da rodi, aka naɗe shi da igiyar roba. Da shi ake kai taki gona, a ɗauko itace, a kai buhu kasuwa.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin a nan labarin yake. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, babban abin da ke hana mai keke gudu iska ce. Amma da zarar an fuskanci tudu, nauyi ne ke magana. Idan aka ce hawa kashi 10 cikin 100 ne, ana nufin duk mita 100 da ka yi gaba ka ɗaga sama da mita 10, kai da duk abin da kake ɗauke da shi.

Dokar hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana keken gasa ya gaza kilo 6.8, kuma manyan kekunan tsere duk a kusa da nan suke. Ɗan tsere mai kilo 65 da kekensa ba su fi kilo 72 ba. Manomi mai irin wannan jiki, da keke mai kusan kilo 20 da buhun masara mai kilo 100, yana jan kilo 185. Wato a tudu ɗaya, a gudu ɗaya, sai ya yi aikin ɗan tsere sau biyu da rabi.

Ga kuma batun giya. Keken tsere yana da giyoyi fiye da 20, kuma mafi sauƙinsu kan sa taya ta juya kusan sau ɗaya a duk zagayen feda. Baƙin keke giyarsa ɗaya ce tal, taya na juyawa kusan sau biyu da rabi a kowane zagaye, ko a gangara ko a hawa. Shi ya sa za ka ga mutum ya tashi tsaye a kan feda yana karkata hagu da dama, in abin ya fi ƙarfinsa ya sauka ya tura. Ba ragwanta ba ce. Ko Pogacar aka ba wa wannan keke da wannan buhu, turawa zai yi.

Yadda Ruwanda ta yi nata

Abin da ya sa kwatancen bai zama wasa ba shi ne, daga irin waɗannan mutane Ruwanda ta samo ’yan tserenta. Ƙasar duwatsu ce, kuma matasa da yawa na cin abinci da acaɓar keke da dakon kaya, madara ko ayaba ko buhunan dankali.

An fara gasar zagayen Ruwanda a 1988. A 2007 wani tsohon ɗan tseren Amurka, Jonathan Boyer, ya shiga aikin kafa tawagar ƙasar, kuma cikin waɗanda aka fara ɗauka akwai masu acaɓar keke. A 2009 gasar ta shiga jadawalin UCI. Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa ’yan uwansa shida a kisan kiyashin 1994, shi ya riƙe tutar ƙasar a gasar Olamfik ta Landan a 2012.

Eritiriya ma haka. Biniam Girmay, wanda ya taso a Asmara, birnin da ke sama da mita 2,300 daga teku, ya zama baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya ci wani zango na Tour de France a 2024, ya kuma tafi gida da koriyar riga. Ko Burkina Faso, da ba ta da wasu duwatsun kirki, tun 1987 take da gasarta ta Tour du Faso.

Najeriya fa? Tana da rufaffen filin tseren keke a Abuja tun wasannin Afirka na 2003. Amma da Ese Ukpeseraye ta je Olamfik ta Faris a 2024, sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi.

Ba duwatsu muka rasa ba. Duk direban da ke zuwa Jos ya san Hawan Kibo, inda manyan motoci ke nishi, wasu birki ya ƙwace musu a gangara. Jos kanta tana kusan mita 1,200 daga teku, ba ta yi nisa da tsayin Kigali ba. Sai dai sunan Hawan Kibo a labaran haɗari ya fi fitowa.

Hanyar da aka rufe

A yankin Sheme matsalar ta wuce rashin keke mai giya. Mai koyon tsere yana buƙatar ya fita da asuba, shi kaɗai ko su biyu, ya yi awa uku ko huɗu a hanyar da ba kowa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da uba a Faskari ko Sabuwa ba zai bar ɗansa ya yi ba.

A Disambar 2020 ’yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar da ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce su zagaya ta Funtuwa. Dokar ta hana goyon mutum uku a babur, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita gidajen man da za su yi aiki a ƙananan hukumomin da rikicin ya shafa. Ba da jimawa ba aka katse layukan waya.

An yi hakan ne don a karya lagon ɓarayin daji, waɗanda babur ne dokinsu. Amma mai gona ma da babur yake zuwa. Sai kuma ga 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ’yan kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000.

Kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru sai aka kakkaɓe su. Masu faci da masu ɗaurin sufok suka samu aiki. Malamin makaranta da ya saba tayar da babur ya koma feda, ɗan kasuwa ya auna kuɗin mai da kuɗin buhu ya ga gara ya yi gumi.

Keke na da wata fa’ida da ba a cika faɗa ba: ba ya ƙara, kuma ba shi ne ɓarawo ya fito nema ba. Amma idan aka tare hanya, ba shi da gudun tsira. Saboda haka mai keke a nan yana da nasa lissafin na lokaci. Ba ya fita sai gari ya waye sosai an ga motoci sun fara wucewa, kuma yana so la’asar ta same shi a gida.