Ƙarau Mai Daraja: Yadda Ake Rarrabe Na Ainihi Da Na Jabu

A gabashin ƙasar Faransa, cikin yankin Loren, akwai wani birni da ake kira Nansi. Sunan birnin nan ya kai nesa saboda aikin ƙarau, wato gilashi. Gwanayensa sun busa tulunan furanni da fitilu da baki, suka ƙawata su da zane mai ban sha'awa. Har wa yau masu tara irin waɗannan kaya suna zuba dukiya mai yawa domin su mallaki guda ɗaya tak. To, inda kuɗi suka taru, can macuta suke taruwa. Saboda haka ya kyautu mai karatu ya san yadda masana suke tantance na ainihi.

Babban gwanin Nansi shi ne Émile Gallé, wanda aka haifa a 1846, ya rasu a 1904. Mutum ne mai zurfin sani game da tsire-tsire, shi ya sa furanni da ganyaye da mazari suka cika kayansa. Bayan rasuwarsa ma'aikatar ta ci gaba da aiki har aka rufe ta a 1936. Masana suna neman shaidu uku kafin su yarda cewa tulu daga can ya fito.

Shaida ta farko ita ce siffa. Ana ɗibar narkakken ƙarau a bakin bututun ƙarfe, a busa shi. Sa'an nan a manna wani sandan ƙarfe a gindinsa domin a gyara bakin. In an ɓalle sandan sai ya bar tabo kamar cibiya, wanda ake gogewa har ya yi sumul. Don haka masani yakan kifar da tulu ya duba gindinsa tun kafin ya dubi zanen. Yakan kuma gwada siffar da hotunan kayan da aka tabbatar ma'aikatar ta yi.

Shaida ta biyu ita ce launi. Launin ƙarau cikin jikinsa yake: ma'adinin kobal yana ba da shuɗi, zinariya tana ba da ja, manganis kuwa shunayya. A ma'aikatar Gallé akan ɗora ƙarau mai launi ɗaya bisa wani, hawa biyu ko uku. Sai a rufe zanen da wani irin kwalta, a tsoma tulun cikin ruwan asid mai cin ƙarau. Inda aka rufe ya tsaya a tashe, sauran ya zaizaye, launin ƙarƙashi ya bayyana. In an ɗaga na ainihi wajen haske, launukan suna shiga juna sannu a hankali, jijiyoyin ganye suna fitowa sarai. Na jabu sau da yawa launinsa da kaifi yake, zanensa kuma a daddaƙe.

Shaida ta uku ita ce sa hannu. Sunan "Gallé" yana jikin tulun. In akwai ɗan tauraro kusa da sunan, an yi tulun jim kaɗan bayan rasuwar maigidan, tsakanin 1904 da 1906. Gidan Daum, wanda ya kafu a Nansi a 1878, a da yana rubuta "Daum Nancy" tare da gicciyen Loren mai sanda biyu. Kayan René Lalique kuwa suna ɗauke da "R. Lalique", bayan rasuwarsa a 1945 aka cire harafin R.

Amma fa a yi hattara: sa hannu ya fi kome sauƙin kwaikwayo. An yi tuluna masu yawa a ƙasar Rumaniya da sunan Gallé, da kalmar "Tip" a gefe, ma'ana "irin na". Waɗansu dillalai sukan kankare kalmar nan, su sayar da kwaikwayo a farashin na ainihi. Inda aka kankare yakan bar ɗan gurbi da yatsa zai iya ji.

Ashe ke nan suna shi kaɗai bai isa hujja ba. Sai siffa da launi sun yarda, sa'an nan a saurari sa hannu. In ɗaya ya saɓa, a mai da kuɗi aljihu. Wanda tafiya ta kai shi Faransa, yana kuma son ya horar da idonsa, sai ya ziyarci gidan ajiyar kayan tarihi na École de Nancy, inda aka jera ayyukan Gallé na ainihi. Hausawa sun ce gani ya kori ji.